Ido Ba Mudu Ba: Gano Ƙarfin Murɗin Noti a Gyaran Sassan Tafiyar Mota

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake gano adadin ƙarfin da ya kamata a murɗa noti da shi yayin gyaran sassan da ke kai ƙarfin injin mota zuwa taya. An fayyace ma'anar ƙarfin murɗi da dalilin da ya sa kamfanonin ƙera motoci suke ƙayyade shi, sannan aka bi matakan nemo adadin ɗaya bayan ɗaya. An kuma dubi Hausar kanikawa domin ganin yadda take bayyana ɗaurin noti. Maƙalar ta nuna cewa adadin da ke cikin littafin gyara ba ya cin gashin kansa: ya ta'allaƙa ne ga nau'in mota da ma'auni da ingancin ƙarfe da yanayin zare. Ta kuma nuna cewa wasu kurakuran da ake tafkawa a gareji daga harshe suke farowa, tun kafin a ɗauki sifana.

Fitilun kalmomi: ƙarfin murɗi, noti, Hausar kanikawa, ma'auni, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Aikin kanikanci ya daɗe da zama sana'a a ƙasar Hausa, har ya samar da Hausar rukuni tasa mai cike da kalmomin aro irin su sifana da kuloci da boris da giyabos. Duk wanda ya taɓa zama a gareji, ko ya leƙa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ya san cewa kusan kowane sashe na mota yana da suna a bakin Bahaushe. Abin da bai samu gurbi sosai ba shi ne awo. Maigida yakan ce wa yaronsa "ɗaure shi tam", yaro ya zura bututun ƙarfe a bakin sifana ya hau kai da ƙafa, har sai noti ya yi ƙara.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima. Hannun gogaggen bakanike ma ya san ƙima, kuma a wurare da yawa ƙimar tana wadatarwa. Sai dai akwai notunan da ƙima ba ta isa a kansu, musamman waɗanda suke riƙe da sassan da ke juyawa da nauyi a kansu. Idan ɗaya daga cikinsu ya kwance ko ya tsinke mota tana gudu, abin da ke biyo baya ya wuce asarar kuɗin gyara. Kamar yadda yake a Hausar yau da kullum, an yi amfani da kalmar noti a nan ga mai zare a bayansa da mai zare a cikinsa duka biyu.

2.0 Sassan Tafiyar Mota

Sassan tafiya su ne jerin ƙarafan da ke karɓar juyin injin su miƙa shi ga taya. Jerin yana farawa daga filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bayan injin, sai kuloci, sai giyabos. A motoci masu ja da tayoyin gaba, irin su Corolla da Accord da Golf, shaf biyu ne suke fita daga giyabos, kowane ya ratsa ta cikin boris na taya, a tamke shi da babban noti guda ɗaya. A masu turi da tayoyin baya kuwa, irin su Hiace da Hilux da Peugeot 504, wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta yi ta harhaɗawa, doguwar farfela ce take kai juyin zuwa aksul na baya. Duk waɗannan sassa suna shan jijjiga da zafi da fizga, don haka ɗaurinsu yake buƙatar kulawa ta musamman.

3.0 Ma'anar Ƙarfin Murɗi

Abin da littattafan gyara suke kira tok, shi ne aka kira ƙarfin murɗi a wannan maƙala. Ana samun sa ne idan aka ninka ƙarfin da aka sa da tsawon hannun sifana. Ma'auninsa na duniya shi ne niyuton-mita, wanda ake taƙaitawa da N·m. Mutum mai nauyin kilo 70, idan ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya ɗora wa noti kusan N·m 686. Babban notin shaf na Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa N·m 216 yake buƙata. Ke nan hawa ɗaya ya ninka abin da ake nema fiye da sau uku.

3.1 Noti a Matsayin Sifirin

Murɗin kansa ba shi ne abin nema ba. Idan aka murɗa noti, jikinsa yana talewa kaɗan yadda ido ba ya gani, kuma ƙoƙarin da ƙarfen yake yi na komawa tsawonsa na asali shi ne yake damƙe sassan biyu wuri ɗaya. Ashe noti sifirin ne mai tauri. Idan talewar ta gaza, jijjiga za ta sa sassan su riƙa motsi, notin ya sassauta ko ya gaji ya karye. Idan ta zarce iyaka, ƙarfen ba zai ƙara komawa yadda yake ba, ƙarfin damƙarsa ya ragu, ko zaren ya cinye. Da yake ba a iya auna talewar cikin sauƙi a gareji, sai injiniyoyi suka fassara ta zuwa adadin murɗi. Adadin da ke cikin littafi wakili ne kawai na ƙarfin damƙa.

3.2 Rabon Gogayya

Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa sifana a gogayya yake ƙarewa: kusan rabi a ƙarƙashin kan noti, kusan kashi 40 a cikin zare. Kashi 10 kacal ne yake zama damƙa. Wannan ya sa ɗan sauyi a yanayin zare yake haifar da babban bambanci. Misali, busasshen noti mai kaurin milimita 10 kuma mai daraja 8.8, idan aka murɗa shi zuwa N·m 50, yana samar da damƙa ta kusan niyuton 25,000. Idan aka shafa masa baƙin mai aka kai shi wannan adadin dai, damƙar tana iya haura niyuton 33,000, wanda shi ne bakin iyakar abin da notin zai ɗauka ba tare da ya nakasa ba. Tsatsa da ƙasa kuma akasin haka suke yi: sifana ta nuna an kai adadi, alhali ƙarfin ya ƙare a gogayya.

4.0 Ɗaurin Noti a Hausar Gareji

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage. A tsarin azuzuwan aikatau na Parsons na 1960, ɗaura tana aji na ɗaya, ɗaure tana aji na huɗu mai nuna cikar aiki, ɗauru kuma tana aji na bakwai mai nuna cewa aikin ya yiwu sosai. Akwai kuma matse da tamke da tsuke, ga amsa-kama irin su tam da gam da tamau. A ɗaya ɓangaren akwai kwance da sassauta da sako-sako.

Idan aka lura, waɗannan kalmomi a kan tsani ɗaya suke, daga sako-sako zuwa tamau, kuma duk hawan da aka ƙara yabo ne. Tsoron kwancewa ya shiga har cikin salon magana, domin wanda hankalinsa ya taɓu akan ce notin kansa ya kwance. Wannan tunani ya dace da ɗaurin igiya da ɗaurin kaya, inda aikatau ɗin suka samo asali. Noti kuwa yana da iyaka ta ƙasa da ta sama, kuma daidai yana tsakaninsu. Umarnin "ɗaure shi tam" yana hana sakaci, amma ba ya gaya wa yaro inda zai tsaya. Adadi ne kaɗai yake iya yin wannan.

5.0 Matakan Gano Adadin da ya Dace

5.1 Tantance Motar

Motoci a Nijeriya laƙabi suke amsawa, irin su Hala da Henesi da Diskoshon a gidan Honda. Laƙabin siffar jiki yake nunawa, ba abin da ke ciki ba. Accord ta 2003 zuwa 2007 ta zo da injin mai fulogi huɗu da kuma mai fulogi shida, wata da giyar hannu, wata mai sarrafa kanta. Saboda haka matakin farko shi ne karanta lambar shasi, wadda tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ta Arewa, gurbi na goma shi ne yake nuna shekarar samfuri: 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009 ne, A kuma na 2010. Bayan haka a duba lambar injin da ta giyabos a jikinsu, domin yawancin motocin da ke kan titunanmu 'yan Kwatano ne, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauya musu injin ko giyabos.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A injin Toyota mai lamba 1ZZ-FE, notunan filawil na mota mai giyar hannu ana kai su N·m 49 sannan a ƙara murɗi na digiri 90. A wannan injin dai, idan giyar mai sarrafa kanta ce, faifan da ke wannan gurbi N·m 88 ake yi masa. Injin ɗaya, gurbi ɗaya, umarni biyu.

5.2 Zaɓen Madogara

Madogara ba darajarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce littafin gyara na kamfanin da ya ƙera motar, tare da sanarwar gyare-gyare da kamfanin yake fitarwa daga baya, domin wani lokaci yakan sauya adadi bayan an gano matsala. Ta biyu ita ce takardar da take zuwa cikin kwalin sabon kayan gyara, kamar boris ko kuloci, wadda take da muhimmanci idan notin da ya zo da kayan ya bambanta da na asali. Ta uku ita ce rumbunan bayanai na kuɗi irin su Autodata da ALLDATA, da littattafan Haynes da Chilton, waɗanda daga littafin kamfani suke kwafowa, kuma mai kwafa yana iya kuskure. Ƙaramin littafin da ake ba mai mota galibi adadin notin taya kawai yake ɗauke da shi: N·m 103 a Corolla, 108 a Accord, 120 a Golf. Adadin da aka ji a baki ko aka gani a waya ba tare da sunan littafi da shekarar mota ba, matsayinsa matsayin jita-jita ne har sai an gwada shi da madogara ta farko.

5.3 Karanta Ma'auni

Ma'auni huɗu ne suke yawo a littattafai: niyuton-mita, da fam-ƙafa na Amurka, da fam-inci, da kilogiram-mita ko kilogiram-santimita na tsofaffin littattafan Japan. Fam-ƙafa ɗaya daidai yake da N·m 1.356, kilogiram-mita ɗaya N·m 9.8 ne, fam-ƙafa ɗaya kuma fam-inci 12 ne. Littafin Toyota yakan jera uku a layi ɗaya, ta yadda notin taya zai fito da 103 da 1,050 da 76, duk abu ɗaya suke nufi.

A maganar baka, lamba ake faɗa a bar ma'auni, a ce "a kai shi 181". Babban notin shaf na wasu nau'o'in Civic N·m 181 ne, wato fam-ƙafa 134. Na wasu nau'o'in Accord kuma fam-ƙafa 181 ne, wato N·m 245. Wanda ya ɗaure na Accord a N·m 181 ya rage fiye da rubu'in abin da ake buƙata, kuma wannan noti shi ne yake matse boris na taya. Idan ya gaza, boris zai yi wasa, ya fara kuka, ya mutu da wuri. Haka nan ƙananan notunan murfin man giya da aka rubuta musu fam-inci 89, wato N·m 10, idan aka karanta su a matsayin fam-ƙafa sun zama N·m 121, kuma za su tsinke tun kafin a kai can. Lamba ba tare da ma'auninta ba rabin magana ce.

5.4 Sharuɗɗan da ke Tare da Adadi

Adadi yakan zo da sharaɗi a gefensa, kuma sharaɗin ɓangare ne na umarnin. Littafi yakan faɗi ko zaren busasshe ake so, ko mai mai, ko a ɗiga masa gam na musamman da ke hana kwancewa. Yakan faɗi tsarin bi, kamar notunan kuloci da na filawil da ake ɗaurewa a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kada faifan ya karkace. Yakan kuma faɗi ko notin na amfani sau ɗaya ne.

Umarni irin "N·m 60 da ƙarin digiri 90", wanda ake gani a notunan filawil na injinan Volkswagen da dama, yana buƙatar ƙarin bayani. Matakin farko yana zaunar da sassan ne kawai. Mataki na biyu kwana ake aunawa, wato rubu'in zagaye, domin nisan da noti yake shiga a kowane zagaye sananne ne, kuma gogayya ba ta sauya shi. Irin wannan ɗauri yakan kai ƙarfen har bakin iyakar talewarsa da gangan, shi ya sa kamfanin yake cewa a sa sabon noti duk lokacin da aka kwance. Mayar da tsoho don tsimin kuɗi kaɗan yana iya jawo sauke giyabos karo na biyu.

Akwai kuma wuraren da adadin murɗi ba shi ne alƙali ba. A aksul na baya na motoci da yawa, notin da farfela take haɗuwa da shi yana matse wani zoben ƙarfe mai lanƙwasewa, kuma abin da ake aunawa shi ne ɗan ƙarfin da ake buƙata kafin shaf ɗin ya juya a cikin boris nasa. Idan aka zarce, ba a gyarawa da sassautawa, sai an sauya zoben.

5.5 Idan Littafi ya Faskara

Akwai jadawali na gama-gari da ke ba da adadi bisa kaurin noti da darajar ƙarfensa. Darajar tana rubuce a kan noti: 8.8 ko 10.9 ko 12.9 a tsarin ISO 898-1. Lambar farko idan aka ninka ta da 100 tana nuna ƙarfin tsinkewa da ma'aunin megafaskal, ta biyu kuma tana nuna kason da ƙarfen zai ɗauka kafin ya nakasa. Ke nan 8.8 yana nufin 800 da 640. Notunan Amurka masu awon inci layuka suke ɗauke da su, uku ga daraja ta 5, shida ga daraja ta 8.

A nan ma harshe yana da tarko. Bakanike da lambar sifana yake kiran noti: lamba 12, lamba 14, lamba 17. Jadawali kuwa da kaurin zare yake aiki. Noti mai kaurin milimita 10 sifana 17 yake ci a tsohon tsarin Jamus, amma sifana 14 a tsarin Japan. Mai kaurin milimita 12 kuma sifana 19 yake ci a na Jamus, 17 a na Japan. Saboda haka "lamba 17" a Golf da "lamba 17" a Corolla suna iya zama notuna biyu mabambanta, ɗaya na kusan N·m 50, ɗaya na kusan 88 idan duka masu daraja 8.8 ne. Wanda ya ɗora adadin babban a kan ƙaramin ya kai shi gab da tsinkewa. Bugu da ƙari, jadawalin ƙarfe cikin ƙarfe yake nufi, alhali gidan giyabos na motocin zamani na alminiyam ne, wanda zarensa ya fi saurin cinyewa. Don haka jadawali bai halatta ga notin shaf ko na filawil ko duk wani mai ƙarin digiri ba.

6.0 Sifanar Awo

Samun adadi ba ya amfani sai da abin auna shi. Sifanar awo mai ƙara, wadda take yin ƙas idan an kai adadin da aka saita, ita ce ta fi yaɗuwa. Ƙa'idar ISO 6789 ta yarda da kuskuren kashi 4 cikin 100 ga irin wannan sifana a manyan adadi, ta kuma ba da shawarar a sake gwada ta bayan wata 12 ko amfani 5,000. An fi dogara da ita daga kashi 20 na iyakarta zuwa sama, don haka wadda ake ɗaure notin shaf da ita ba ta dace da notin N·m 10 ba. Ana jan ta a hankali, a tsaya a ƙara ta farko, ba a kwance noti da ita, kuma ana mayar da ita mafi ƙanƙantar adadi kafin a ajiye don kada sifirin da ke cikinta ya gaji.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gano ƙarfin murɗin noti aiki ne mai matakai: a san motar da lambarta, a nemi madogara mafi kusa da kamfani, a karanta adadi tare da ma'auninsa da sharuɗɗansa, sannan a auna. A wurare uku an ga yadda kuskure yake shigowa ta kafar harshe: laƙabin mota da ke ɓoye nau'in injin, lambar da ake faɗa ba ma'auni, da kiran noti da lambar sifana.

Wannan ya buɗe fage ga manazarta Hausa. Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi, irin wanda ya haifar da littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya biya buƙatar nazarin harshe da adabi. Gareji ma yana buƙatar irinsa, domin littattafan gyara da harsunan waje suke zuwa, koyon sana'ar kuma da Hausa ake yin sa, daga bakin maigida zuwa kunnen yaro. Kalmomin da aka gwada a nan, wato ƙarfin murɗi da ƙarfin damƙa da sifanar awo, shawara ce da ke jiran hukuncin masana da na masu sana'ar kansu. Abin da ya fi gaggawa shi ne taƙaitaccen jagora cikin Hausa da zai bambance ma'aunan nan huɗu, ya kuma nuna kaurin zaren da kowace lambar sifana take wakilta a motocin Japan da na Turai, a rubuta shi tare da kanikawa, da kalmomin da suka riga suka saba da su.